TARIHIN AIKIN INJINIYAN LANTARKI DA MA'AUNAI A AREWA

  

Kwamitin mujalla ne ya nemi kowane ɗayanmu da ya ajiye aiki ya rubuta wani abu game da sana'ar da ya ci abinci da ita, domin amfanin ƙannenmu da 'ya'yanmu. Ni dai abokan karatuna sun daɗe da laƙaba mini suna ɗan NEPA, alhali kuwa ban taɓa karɓar albashin NEPA ba ko na wata ɗaya. A masana'anta na yi aikina, a sashen lantarki da ma'aunai. Saboda haka na ga ya dace in ɗan kawo tarihin wannan aiki a ƙasarmu, da irin nauyin da ke wuyan mai yin sa, da kuma halin da yake ciki a yau.

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa aikin reshe uku ne, ko da yake sau da yawa mutum ɗaya ke riƙe da su. Reshe na farko shi ne lantarki, watau samar da wuta da ɗaukarta da rarraba ta, tun daga janareta zuwa taransifoma har zuwa motar da ke juya inji. Na biyu shi ne ma'aunai, wanda a bakin ma'aikata ake ce wa insturumen, watau na'urorin da ke auna zafi, da matsin iska ko na tururi, da gudun ruwa ko mai a cikin bututu, da kuma cikar tanki. Na uku shi ne sarrafawa, watau dabarar da ke ɗaukar abin da aka auna, ta gwada shi da abin da ake so, sa'an nan ta buɗe bawul ko ta rufe. In an kwatanta masana'anta da jikin ɗan Adam, lantarki ne jini, ma'aunai su ne ido da kunne, sarrafawa kuwa ita ce ƙwaƙwalwa.

Mafarin abin

A Ikko aka fara kunna wutar lantarki a Nijeriya, cikin shekarar 1896. A Arewa kuwa kuza ce ta jawo ta. Kamfanonin haƙar kuza na ƙasar Jos suna bukatar wuta domin famfunansu da injunan wanke ƙasa, shi ya sa a 1929 kamfanin NESCO ya kama aikin samar da wuta daga ruwan Kurra. A wancan zamani babu wata hukuma guda mai kula da wuta. Wasu garuruwa Ma'aikatar Ayyuka ce ke riƙe da injinsu, wasu kuwa kamar Kano da Katsina En'e ce ke da nata. Injiniya Bature ne, namu kuwa aikinsu bai wuce zuba mai, da share inji, da hawa falwaya, da karanta mita ba. Amma daga cikin waɗannan lebarori da yaran makanikai ne aka sami foman-foman na farko, mutanen da ba su da takarda, amma da jin ƙarar inji sun san abin da ke damunsa.

A 1950 aka yi dokar kafa ECN, ta kuma fara aiki a 1951, ta haɗe waɗannan tashoshi a ƙarƙashin inuwa ɗaya. A 1962 aka kafa hukumar madatsun ruwa ta NDA, aka fara ginin madatsar Kainji a 1964, ta fara ba da wuta a 1968. A 1972 aka haɗe hukumomin biyu suka zama NEPA. Daga baya Jebba ta shigo a 1985, Shiroro a 1990. Kainji mai megawat 760 ce, Shiroro kuwa 600. Har maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun sha daga wannan wuta, domin an ja layi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, aka kuma ja wani daga Katsina zuwa wajajen Maraɗi da Damagaram.

Zuwan Kainji ya canza aikin injiniya ƙwarai da gaske. A da, in injin gari ya tsaya, garin nan ne kaɗai zai kwana a duhu. Amma da aka ɗaure tashoshi da juna da manyan layuka masu kilobolt 330 da 132, sai ƙasar duka ta zama tamkar inji ɗaya. Dole kowace janareta ta yi tafiya daidai da 'yan'uwanta, a kan zagaye 50 cikin kowace daƙiƙa. Idan jama'a suka ja wuta fiye da abin da ake samarwa, sai gudun ya ragu, nan take na'urar da ke kan injin ta ƙara buɗe ƙofofin ruwa. Idan kuwa itace ya faɗa kan layi, akwai na'urar kariya da za ta gane, ta yanke wannan layi tun kafin ƙiftawar ido, don kada cutar ta bi sauran. Wani injiniya ne ya zauna da biro da takarda ya lissafa inda za a saita kowace ɗaya, shi kuma zai amsa tambaya in ta ƙi yankewa. Cibiyar da ke lura da wannan duka tana Oshogbo.

Inda aka horar da mu

Ba a yin injiniya a rana ɗaya, kuma ƙasar ta ɗauki lokaci kafin ta samar da nata. Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda aka buɗe a 1952, ita ce ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta kuma gaji sashen injiniya nata. A Kaduna akwai makarantar koyon sana'a tun 1956, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968. Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya an kafa ta a 1958, hukumar COREN mai yi wa injiniyoyi rajista kuwa a 1970. Asusun horar da ma'aikata na ITF ya zo a 1971, shi ne kuma ya ɓullo da tsarin tura ɗalibai masana'antu su taɓa ƙarfe da hannunsu kafin su gama karatu. Masu sha'awar aikin mai da yawa Effurun suka nufa, kusa da Warri, inda aka kafa makarantar horar da ma'aikatan man fetur.

Matakin aikin huɗu ne, kuma har yau haka COREN ke yin rajista: injiniya mai digiri, mai babbar difloma, mai ƙaramar difloma, da kuma mai sana'ar hannu wanda a zamaninmu yakan riƙe takardar City and Guilds ko ta gwajin sana'a. Injiniya ke zana tsari, ya zaɓi kauri da tsawon waya, ya rubuta irin kayan da za a saya, ya sa hannu. Mai difloma ke kafawa da gwadawa da gano inda cuta take. Mai sana'ar hannu ke jan waya da naɗa mota da ɗaura bututu. Duk wanda ya yi aikin ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni kaina, rabin abin da na sani a bakin wani dattijon foman na ji shi, mutumin da iyakar karatunsa firamare, amma ya yi shekara ashirin yana gyaran ma'aunai kafin in zo.

Masu ɗaukar mu aiki kuwa suna da yawa a lokacin. Masaƙar KTL ta Kaduna tana aiki tun 1957, kamfanin siminti na Sakkwato tun 1967, Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, simintin Ashaka a 1979. A 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina domin tace ganga 100,000 a rana. Ga masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano, ga kamfanin mulmula ƙarfe a Katsina da Jos. Wanda ya fito da sakamako mai kyau, shi ke zaɓen inda zai je.

Zamanin iska

Sa'ad da muka shiga aiki, yawancin ma'aunai da iska suke aiki. Ma'aunin da ke jikin tukunyar tururi zai aika saƙo ta siririn bututun tagulla zuwa ɗakin kwantirol, saƙon kuwa matsin iska ne tsakanin fam 3 zuwa fam 15 a kan kowane murabba'in inci. Fam 3 na nufin tanki babu kome, fam 15 na nufin ya cika. A can ɗakin akwai allura mai tawada tana zana layi a kan zagayayyar takarda, kowace safiya a cire ta a sa sabuwa, a ajiye tsohuwar a fayil. Babban abokin gabarmu shi ne ƙurar hunturu da raɓar damina, domin ƙwayar ƙura ɗaya in ta toshe bakin allurar iskar nan, wanda bai fi kaurin gashi da yawa ba, sai ma'auni ya fara ƙarya. Mai gyaran ma'aunai a lokacin kusan mai gyaran agogo ne, aikinsa sai natsuwa da tsabtar hannu.

Asalin dabarar sarrafawa ya girmi wannan zamani nesa ba kusa ba. Tun 1788 James Watt ya ɗaura wa injin tururi wasu ƙwallaye biyu masu juyawa, in gudu ya yi yawa su buɗe su rage tururi. A 1922 wani injiniya mai suna Minorsky ya lura da yadda matuƙin jirgin ruwa ke riƙe sitiyari: yana duban yawan kaucewar da jirgi ya yi, da tsawon lokacin da ya ɗauka a kauce, da saurin da yake kaucewa. Waɗannan abubuwa uku su ne tushen abin da ake kira PID. A 1942 Ziegler da Nichols suka fito da hanyar saita shi, wadda har gobe ake koya wa ɗalibai.

Zamanin waya da kwamfuta

Sannu a hankali waya ta maye gurbin bututun iska. Saƙo ya koma ɗan ƙaramin lantarki tsakanin miliamfiya 4 zuwa 20. Akwai hikima a fara ƙidaya daga 4 maimakon sifiri. Idan ɓera ya ci waya, abin da zai iso ɗakin kwantirol sifiri ne, sai mai lura ya san cewa waya ce ta katse, ba tanki ne ya ƙare ba. Malamanmu na Fiziks za su ji daɗin sanin cewa dokar Ohm da suka sha wahalar cusa mana ita muka yi ta ci da ita. Alal misali, ma'aunin zafi na Pt100 ɗan zaren ƙarfen filatinam ne mai om 100 a zafin ƙanƙara, ya kai om 138.5 a zafin tafasar ruwa. Inda zafi ya fi ƙarfinsa, kamar wajen tanderun siminti da ake gasa dutse har digiri 1,450, sai a nemi wani irin ma'auni.

A gefe guda kuma, manyan akwatunan rile masu ƙarar ƙas-ƙas, waɗanda ke tsara wane inji zai tashi bayan wane, su ma sun sami magaji. A 1968 kamfanin motoci na General Motors a Amurka ya nemi a ƙera masa na'urar da za a canza wa tsari ba tare da kwance wayoyi ba, aka kuwa fito da PLC a shekarar da ta biyo. A 1975 kamfanonin Honeywell da Yokogawa suka fito da tsarin DCS, wanda ya tattara dukan masana'anta a kan allon talabijin. Waɗannan kaya sun ɗauki shekaru kafin su zama ruwan dare a wajenmu, amma da suka iso, dole dattawa masu furfura suka koma aji. Wasu sun koya, wasu suka ajiye aiki.

Nauyin da bai canza ba

To, jama'a, a cikin wannan sauye-sauye duka akwai abu ɗaya da yake nan inda yake, watau amana. Mai lura da ke zaune a ɗakin kwantirol ba ya ganin cikin tanki, lamba kawai yake gani. In lambar ta ce rabi, ya yarda rabi ne, don wani ya je da na'urar gwaji, ya gwada ma'aunin a matakai biyar, ya ga miliamfiya 4, 8, 12, 16 da 20 sun fito daidai, ya rubuta kwanan wata, ya sa hannu. Babu mai bin bayansa ya ga ko ya yi. Zai iya zama a inuwa ya cika takardar. Iyayenmu da ke awo a kasuwa sun san hukuncin mai tauye mudu, to wannan ma mudu ne, sai dai abin da ake aunawa da shi rayukan mutane ne.

Tarihi ya nuna abin da kan faru in ma'auni ya yi ƙarya. A watan Maris na 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka, wani bawul ya maƙale a buɗe fiye da awa biyu, ruwan sanyaya tukunya yana zuba. Fitilar da ke gaban masu lura an haɗa ta ne ta nuna cewa an aika umurnin rufewa, ba wai bawul ɗin ya rufe ba, su kuwa suka ɗauka ya rufe. A watan Maris na 2005 kuma, a matatar mai ta Texas City, wata hasumiyar tace mai ta cika ta tumbatsa, alhali ma'auninta na nuna mai yana raguwa, ƙararrawar da ya kamata ta yi kuka kuma ba ta yi ba. Mutum 15 suka rasu a gobarar da ta biyo baya.

Shi ya sa ƙa'idodin aikin suke da tsauri. Ba a taɓa inji sai da takardar izinin aiki. Wanda zai shiga gyara shi zai kashe wuta da hannunsa, ya sa kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihunsa, sa'an nan ya gwada ya tabbata layin ya mutu. Kowane canji, kome ƙanƙantarsa, sai an shigar da shi cikin zane, domin wanda zai zo gyara da tsakar dare bayan shekara goma da zanen zai dogara. Jarrabawa mafi wuya kuwa ita ce ranar da na'urar kariya ta tsayar da inji, kaya na jiran fita, manya suka taru a kanka suna cewa ka ɗan tsallake ta da guntuwar waya, gobe a gyara. Duk wanda ya daɗe a aikin ya ga wannan rana. A nan ake gane injiniya, kuma babu jami'ar da ke ba da takardar wannan darasi. Tarbiyyar gida da ta makaranta irin tamu ce ke ba da shi.

Inda igiya ta tsinke

Daga 1986, lokacin shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar Naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada. Aka shiga cire na wannan inji a sa wa wancan. Wuta ta yi ƙaranci, kowace masana'anta ta koma kan janareta, ga kuma atamfofin waje sun cika kasuwa. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007, unguwar Kakuri ta yi tsit. Matatar Kaduna ma ta yi shekaru a tsaye. NEPA kuwa dokar 2005 ta mai da ita PHCN, aka raba ta kamfanoni 18, aka miƙa na samarwa da na rarrabawa ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba 2013.

An yi ta lissafin ayyukan da aka rasa, amma akwai asarar da ba a cika ambata ba. Wannan sana'a daga hannu zuwa hannu ake gadonta. Masana'antun nan su ne makarantar gaskiya, inda yaro zai bi foman shekara biyu yana riƙe masa akwatin kaya. Da suka rufe, dattawan suka watse, wasu suka koma gona, wasu suka rasu da iliminsu. Na sha zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata, in ga yaro mai kaifin basira da takarda mai kyau, amma bai taɓa riƙe ma'auni na gaske ba. Laifin ba nasa ba ne.

Bukatar kuwa ba ta ragu ba. A watan Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda a duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke biyowa ta Makurɗi zuwa Jos shi ma ya faɗi. An kammala madatsar Zungeru mai megawat 700 a 2023, a shekarar ce kuma aka ƙaddamar da matatar Ɗangote mai ganga 650,000 a Ikko, aka kuma yi sabuwar dokar lantarki da ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. A 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614. Ga kamfanonin siminti, ga injunan casar shinkafa, ga wutar sola da ta shiga asibitoci da rijiyoyin burtsatse har ƙauye. Kowane ɗayansu yana neman wanda zai kafa, ya gwada, ya kula. In 'ya'yanmu ba su shirya ba, za a kawo wasu daga nesa su yi, namu su tsaya a bakin ƙofa suna gadi.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu abu uku. Na farko, mu duba ɗakin gwaje-gwajen Fiziks na makarantarmu, mu sa shi cikin ayyukan bana. Mitar gwaji da batura da wayoyi da 'yan ƙananan na'urorin koyon sarrafawa ba su kai kuɗin walimar taronmu na shekara ba. Na biyu, mu da muka yi wannan aiki mu riƙa zuwa sau ɗaya a kowane zango muna zama da 'yan aji biyar da shida, maza da mata, mu nuna masu cewa Lissafi da Fiziks da Zanen Fasaha suna da inda suke kai mutum, kuma difloma ba abin raini ba ce. Na uku, duk wanda ke da ƙafa a wata masana'anta ya nema wa ɗalibi ɗaya gurbin koyon aiki.

Malamanmu sun yi nasu da alli da allo, a kan albashin da bai taka kara ya karya ba. Saura namu.